Ranar da Aka Tambayi Gwaggo

Mun tashi daga Kano ana sallame sallar asuba, ni da 'yar gwaggona ta fari, za mu Achika mu ɗauko Gwaggo mu kai ta asibiti a Wudil. Kuɗin mota ya sake hawa, amma duk da haka direba ya cusa mu kamar buhunan albasa. Hanya dai lafiya lau, gero ya fitar da kai dama da hagu. A bakin gadar Wudil masu kifi har sun baje. Na sayi soyayye na ce tsarabar Gwaggo ce, rabinsa bai ga Achika ba.

Larurar Gwaggo ta daɗe. Mahaifa ce ta sassauto mata bayan haihuwa mai yawa da shekarun daka da ɗaukar ruwa, kuma ko tari ta yi sai fitsari ya ɗigo. Ta daina zuwa suna da biki, ta daina kai daddawarta kasuwar Juma'a. Abin da ya fi cin ranta shi ne alwala ba ta zauna mata. 'Ya'yanta maza kuwa sun gama yanke hukunci a waya: tiyata. Ba wanda ya tambaye ta.

Daga Achika muka dawo Wudil a a-daidaita-sahu, taɓo yana ta watsa mana, Gwaggo na zaune a karkace. A asibiti muka sami wata likita dattijuwa mai sanyin murya.

"Iya, me ke damun ki?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Ɗan ciwon baya ne."

'Yarta ta karɓe zancen tana ta zuba bayani, Gwaggo ta kawar da kai tana kallon bango. Likita ta dube su, ta dube ni, ta ce a hankali, "Wannan ce ta fari ko?" Sai a lokacin na gane ɓarnar da muka yi. Zaman birni ya mantar da mu. Matar da ko sunan 'yar fari ba ta faɗa, ita za ta buɗe wannan magana a gabanta? Aka aiki 'yar uwar tawa sayen kunu, ni na zauna, don ba kunya tsakanina da Gwaggo.

Ƙofa na rufuwa bakinta ya buɗe. Ta faɗi komai, har tsumman da take ɗaurawa. Na ji tausayinta ƙwarai. Bayan an duba ta, likita ta shimfiɗa mata hanyoyi: atisayen matse tsokar ƙasa, ko zoben roba da ake sakawa ya tallafe mahaifa ana zuwa dubawa, ko tiyata da doguwar jinya ba ɗaukar kaya. Ba ta ɓoye mata cewa zoben ba lallai ya tsayar da ɗigar duka ba.

"Iya, me kika fi so ki koma yi?"

Gwaggo ta ce, "In idar da sallah ba shakka a raina. Kuma kaka ta ƙarato, ba na son kwanciya."

Ta zaɓi zoben da atisaye, ta ce in bai yi ba, bayan kaka a yi maganar tiyata.

Muka mayar da ita gida. Kafin mu kama hanya ta nemi buta, ta tada la'asar a tsakar gida, a natse, ba gaggawar nan da ta saba. Da ta sallame ta miƙo min ƙullin daddawa, ta nuna 'yarta da baki ta ce, "Ki ba waccan. Ki ce Allah ya yi albarka."

Mun iso Kano gab da magariba. A mota babban ɗanta ya kira yana tambayar ranar tiyata, 'yar uwata ta ce, "Ba tiyata ta zaɓa ba." An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, haka ne, amma tafiyar nan ta koya min cewa mai ciwon ake fara tambaya, kuma sai an duba wa ke zaune a ɗakin. Shekaru muna cewa Gwaggo ba ta magana, ashe mu ne ba mu taɓa ba ta wuri ba.