Ƙauyen da Ba Ya Cikin Taswirar Kowa

Ni dai tun ina yarinya a Gumel an san ni da baki. In aka faɗa mini ɗaya sai na mayar da uku, kuma aikin asibiti bai rage mini komai ba, sai ma ƙara mini da ya yi. Da aka tura ni ƙasar Maigatari in riƙa duba aikin masu ɗiga wa yara maganin rigakafin shan inna, ba a yi wata biyu ba duk matan da ke ƙarƙashina suka san halina. Ba na raga wa mai makara, ba na raga wa wadda ta bar akwatin magani a rana. Ina taƙama da cewa a yankina ba a tsallake yaro.

Aikin namu ba shi da wuyar fahimta. Kowace tawaga tana da taswirar da aka zana da hannu, ga rijiya, ga masallaci, ga kuka, ga gidaje. A shiga gida, a ɗiga wa duk yaron da bai kai shekara biyar ba, a shafa masa baƙin tawada a farcen ƙaramin yatsansa na hagu, a fito a yi rubutu da alli a jikin bango don mai dubawa ya san an zo. Mai dubawar nan ni ce. Taswirata kuwa, a zatona, tana ƙarewa daidai inda ƙarfen iyaka yake. Bayan nan farar takarda ce, sai kalma ɗaya da wanda na gada ya rubuta da manyan baƙaƙe: Nijar.

Manya na can sama, na ƙasashen biyu da na duniya, sun daɗe da yarda cewa cutar nan ba ta tsayawa a shinge a duba mata takarda. Don haka aka tsara a riƙa yin rigakafi a ranaku ɗaya a ɓangarorin biyu, kuma kafin kowane zagaye ma'aikatan nan da na can su zauna tare. Gaskiya ni a lokacin ɓata lokaci na ɗauki zaman nan. A jera kujeru, a yi jawabi, wani ya yi Turanci wani ya yi Faransanci, alhali duk cikinmu babu wanda ba ya jin Hausa, a sha lemo, a sa hannu, a watse.

A irin wannan zama na fara ganin matar da nake son ba da labarinta. Ita ce shugabar wani ƙaramin asibiti a tsallake, ƙasar Damagaram, kuma mutanenta Majo suke ce mata, kamar yadda suke kiran duk mai riƙe da asibiti. Ta girme ni da kusan shekara goma. Doguwa ce, siririya, ba ta ɗaga murya, kuma da kanta take tuƙa babur ɗinta cikin rairayi, lulluɓinta a ɗaure tamau a ƙugu. Na taɓa yi mata tsiya na ce maganinsu ma da Faransanci yake aiki, shi ya sa yaranmu ba sa jin sa. Ta yi murmushi ta ce, “Ƙanwata, ke dai Allah ya bar ki da bakinki.” Iyakar abin da ya taɓa haɗa mu ke nan.

Wata Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, ina zaune a rumfar da muke tare yaran 'yan cin kasuwa muna ɗiga musu magani, sai ga ta ta faka babur, ƙafafunta duk yashi. Ko ruwan da na miƙa mata ba ta sha ba. Ta ce jiya wata mata ta kawo mata 'yarta a amalanke, yarinya 'yar shekara uku. Zazzaɓi ta yi, da ya sauka sai ƙafar dama ta saki, ta ƙi ɗaukar ta. Yau kwana biyar ke nan. Ta ce ta duba yatsun yarinyar duka goma, babu alamar tawada, alhali sati biyu kacal da gama zagaye. Da ta tambayi uwar, sai ta ce su ba a taɓa zuwa musu ba.

Na ce, “To Allah ya sawwaƙe. Sai ki matsa wa mutanenki.”

Ta ce, “Garin ba ya cikin taswirata.”

Ta faɗi sunansa. Na zaro tawa daga jaka ina cika baki, na bi da yatsa sama da ƙasa. Babu shi. Sai ta ɗauko tata ta shimfiɗa a kan benci, ta jawo tawa ta haɗa bakinsu. Tata ta ƙare a wata tsamiya, tawa ta ƙare a wani tsohon burtali, tsakaninsu kuwa akwai tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba a ƙasa, wadda babu wanda ya zana. A nan ƙauyen yake, gida tara, ƙarfen iyaka a tsakiyarsu.

Nan take na tuna. Farkon zuwana, ina bayan ɗan acaba muna dawowa daga dubawa, na hango kawunan rumbuna daga nesa na tambaye shi. Ya ce, “Ai Hajiya, can Faransa ne,” yadda tsofaffinmu ke kiran tsallake. Rana ta take, yashin hanyar ya kai ƙauri, ni kuma na gaji. Na karɓi maganarsa don ta yi mini daɗi, ban sake waiwayar wurin ba.

Amma ban faɗa mata haka ba. Ina! Bakina na buɗe. Ga yadda dokar take: in aka samu yaro da ƙafarsa ta saki, dole a ɗauki bayan gidansa sau biyu a kai ɗakin gwaji cikin sanyi kafin sati biyu su cika, in ba haka ba gwajin ba zai nuna gaskiya ba, kuma ba za a san ko sauran yaran suna cikin haɗari ba. Wanda kuma ya cika takardar kai rahoton, to a ƙasarsa za a rubuta cewa cutar ta ɓulla. Daga nan sai motoci su zo daga birni, a zaunar da kai, a tambaye ka inda kake har aka tsallake gari guda. Ba na son a rubuta wannan a yankina. Na ce mata ai wurinta aka kai yarinyar, ai rijiyarsu a ɓangarenta take. Ta ce haka ne, gonakinsu kuma da maƙabartarsu a nawa suke. Na ce to sai na tambayi na sama da ni, su kuma su tambayi na sama da su, a tantance ko 'yar wace ƙasa ce.

Ta dube ni, ba da fushi ba, wallahi da fushin ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, “Ƙanwata, kwana tara ya rage. Kafin takardarki ta je ta dawo, akwai yara nawa a garin nan da ke wasa da ita a ƙasa ɗaya?” Sai ta buɗe jakarta ta ciro takardar, ta ɗora a cinya, ta cika ta a gabana, ta rubuta sunan asibitinta, ta sa hannu. Ta ce, “Shi ke nan, tawa ce. Amma gobe tare za mu je, don ba ni da ikon tsallaka ƙarfe da akwatina, kuma gida biyar a ɓangarenki suke.”

Ni da aka sani da baki, to kawai na ce mata.

Washegari da hantsi muka haɗu a gindin ƙarfen, ni da mata biyu daga kudu, ita da mace ɗaya daga arewa. Abin da na fara gani bangaye ne. Ni da na saba ganin bango ya sha alli har wani rubutu na hawa kan wani, ga bangaye tas, ko ɗigo babu. Mai unguwar, wani dattijo mai farin gemu, ya shimfiɗa mana tabarma ya sa aka kawo fura. Na shirya bakina tsaf don in ji ya ce su ne ba sa so, in samu inda zan rataya laifin. Sai ya ce, “Ranku ya daɗe, muna dai hango baburanku suna wucewa ta nan, na waɗannan bayin Allah suna wucewa ta can. Muka ce wataƙila layi ne bai zo kanmu ba.” Babu gida ɗaya da ya hana mu shiga. Iyaye mata har rige-rige suke yi su miƙo yara. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Na ga yarinyar a zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakin uwarta, ƙafar a miƙe kamar ba tata ba. Uwar matashiya ce, da tsohon ciki. Majo ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi wa yarinyar wasa har ta yi dariya, sannan ta yi wa uwar bayanin abin da za a ɗauka da dalilinsa, ba ta ɓoye mata komai ba, ba ta kuma yi mata alkawarin ƙarya ba. Da muka fito ta ce mini a hankali, “Kada ki ɗauka ke kaɗai ce. Shekara shida ina bin waccan hanyar, ni ma ban taɓa juyowa ba.” Ban gaya mata na taɓa hango garin ba, amma ta riga ta karanta a fuskata.

Sakamako ya dawo bayan makonni. Shan inna ce. Motocin suka zo kamar yadda na ji tsoro, amma wurinta suka je. An kira ta birnin Damagaram har sau biyu, an zaunar da ita, an sa mata takardar gargaɗi a cikin fayil, ita da ta kusa ajiye aiki ba tare da tabo ba. Wani abokin aikinta ne ya gaya mini, ya kuma ce ko sau ɗaya ba ta ambaci ɓangarenmu ba. Da na ji, sai na zauna na rubuta nawa rahoton, na ce gida biyar daga cikin tara nawa ne, na hango su da idona, na wuce. Wani babba a wurin aikinmu ya ce, “Ke wa ya aike ki? An riga an rubuta a can.” A nan dai bakina ya yi mini rana, na ce masa in bai karɓa ba zan karanta shi da kaina a zaman haɗin gwiwa, a gaban baƙi. Ya karɓa. Ni ma na samu tawa takardar.

A zaman da ya biyo baya, Majo ta miƙe bayan an gama jawabai, ta roƙi alfarma da Hausa. Ta ce kowace mai dubawa ta fito da taswirarta a haɗa da ta maƙwabciyarta a ƙasa. Aka ture kujeru, manya da ƙanana muka durƙusa a kan siminti, tun daga ɓangaren Maigatari har zuwa na Sule Tankarkar. Aka sake samun wasu 'yan rugage da ba na kowa ba. Daga ranar aka ce kowa ya riƙa zana abin da ke bayan ƙarfe har inda idonsa ya kai, kuma garin da ke kan iyaka tawaga biyu za su shige shi tare. Har na bar aikin haka ake yi. Ban sake kiran zaman nan ɓata lokaci ba, kuma tun daga lokacin Yaya nake ce mata.

Ƙafar yarinyar ba ta dawo ba. Yaya ta samo mata takalmin ƙarfe daga wani asibiti a can, ni kuma na sa wani kafinta a Gumel ya yi mata 'yar sanda daidai tsayinta. Ba wani abin kirki ba ne, na sani.

Zagaye na uku da muka koma tare, uwar ta haihu, mace ta sake samu. Ta fito da jaririyar a zani, babbar tana biye da ita tana jan ƙafa, ta riƙe gefen zanin uwar. Na ɗiga wa jaririyar magani, na kama hannunta na hagu na shafa tawada a ɗan farcen da ko ƙwayar gero bai kai ba. Na juya zan tafi, sai uwar ta ce, “Hajiya, dakata.” Ta zaro ɗaya hannun daga cikin zani ta miƙa wa Yaya.

Yaya ta ce, “Ai an ɗiga mata, 'yata. Sau ɗaya ya isa.”

Ta ce, “Na sani, Inna. Ba maganin nake nufi ba. Ki sa mata taku alamar ita ma, a wannan hannun. Ba na son gobe wani ya ce ba tasa ba ce.”

Yaya ta buɗe tawadarta ta shafa. Ni kuwa na fita waje wai zan yi rubutu a bango, na tsaya da allin a hannu ina kuka.