Idon da Ya Fi Ɗakin Tsawo

A layin masu kifi na kasuwar Chawama, in ka ji muryar mace ta karaɗe wuri tana cewa kada kowa ya motsa, ba samame aka kawo ba, Namakau ce za ta ɗauki hoto. Masu baro sun san muryar, masu keken gawayi sun san ta, har karnukan layin sun san ta, ko da yake su ba su taɓa bin umarnin ba.

A Mongu aka haife ta, aure ya kawo ta Lusaka. Mijin mai hoto ne, mai daɗin baki kuma. Wata shekara ya ce zai leƙa wajen haƙar tagulla a Solwezi ya dawo, to har yau yana can yana leƙawa. Ya bar mata 'ya ɗaya, Inonge, da kyamara ɗaya. Da farko sayar da kyamarar ta so yi ta sayi kaskon suya. Sai wata maƙwabciya ta roƙe ta ta ɗauki hoton jaririnta, hoton ya fito da kai da ƙafafu cif, shi ke nan aka samu sana'a.

Ɗakin da take aiki na yayanta ne, Lubasi. Dattijo ne a coci, ɗan kwamitin kasuwa, mutumin da ke saka kwat ko da rana na soya ƙwai a kan kwano. Yana da jerin shaguna a layin, ya ba ta mafi ƙanƙanta kyauta, kuma bai taɓa barin ta manta cewa kyauta ne ba. Ɗakin kuwa, in dogon mutum ya yi miƙa a ciki sai ya gaisa da bango biyu a lokaci ɗaya. Nan ta shekara da shekaru tana ɗaukar mutane hoto daga kusa, kusan hancinta na goga nasu. Duk mai hoto ya san abin da kusanci ke yi wa fuska: hanci ya kumbura, kunnuwa su gudu baya. Rabin unguwar Chawama na da hoto a falo da hancin da ba nasu ba.

Sai ɗauke wuta ya zama ruwan dare. Fitilun ɗakin suka koma kayan ado. Mutane kuma ba sa samun sukunin zuwa sai an tashi aiki, rana na shirin faɗuwa. Ta gwada fitilar walƙiya ta kan kyamara, sai fuskoki suka riƙa fitowa kamar an shafa musu man gyaɗa an tsorata su. Wata amarya ta dubi hotonta ta tambaya ko a asibiti aka ɗauka.

Ranar Namakau ta sayar da firijinta, wanda dama ya daɗe da komawa kabad ɗin ajiye tukwane, ta nufi kasuwar Kamwala wajen Kachinga mai tsofaffin kayan hoto. Ido take so ta saya wa kyamararta, wato gilashin da ake ɗaura mata a gaba, mai gani a duhu-duhu.

Kachinga ya jera mata uku a kan teburi. Ya fara ɗaga wani ƙato.

"Hajja wannan, Maman Inonge. Ki zuƙo mutum, ki tura shi, kina zaune ba ki motsa ba. Coci, biki, ƙwallo, duk ya iya."

"In magariba ta yi fa?"

"To, yakan ɗan rage gani."

"Ka ce dundumi gare shi kawai. Ajiye shi. Mai dundumi ɗaya ya ishe ni, na aure shi na gani."

Ya ɗaga na biyu, ɗan madaidaici, mai lamba tamanin da biyar. Ya ce wannan ba ya zuƙowa, yadda aka ƙera shi haka yake, amma bakinsa na buɗewa sosai, ɗan hasken da ya rage duk sai ya kwashe. Na uku shi ma haka, sai dai ya fi tsawo, ya fi nauyi, lambarsa ɗari da talatin da biyar.

"Ni dai na biyun zan ba ki shawara," in ji shi. "Wai ɗakin naki yaya tsawonsa?"

"Ɗakina ka ji na kawo kasuwa? Ɗaura min dogon in gani."

Ya ɗaura. Ta fita bakin ƙofa. Rana ta riga ta ɓuya bayan gine-gine, can tsallaken titi wata tsohuwa na gasa rogo, garwashi na haska mata gefen fuska. Namakau ta kai kyamara ido, ta yi shiru. Wanda ya san ta ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tsohuwar ta taho har gabanta, kowane layi na goshinta a fili, hanci daidai yadda Allah Ya yi shi, motoci da shara da allunan talla na bayanta duk sun narke sun zama launi kawai. Tsohuwar ba ta ma san ana kallonta ba, balle ta ƙame ta yi fuskar hoto.

"Naɗe min shi."

"Maman Inonge, wannan sai da fili. In ɗakin..."

"Kachinga, kai da ɗakin nan akwai wata tsakaninku ne? Naɗe."

Wadda ta fara faɗawa hannun sabon ido ita ce Mutinta, matar shugaban makarantar firamare, ta ci ado da sabuwar atamfa da ɗaurin kai kamar zai tashi sama. Ta zauna a kujera. Namakau ta leƙa, ta ga ido biyu da hanci da rabin leɓe. Ta ja baya, bango ya ce nan ne iyaka. Ta murɗa idon kamar zai ji tausayinta, bai ji ba.

"Lafiya dai?" in ji Mutinta. "Ɗaurin ya fito?"

"Yana hanya."

Ta buɗe ƙofa da ƙafa ta fita da baya. Ɗauri ya fito. Ta ƙara ja, wuya ya fito da sarƙa. Ta ƙara, ta tsallake kwata, ta ratsa layi ido na manne da kyamara, hannun riga ya fito, ƙugu ya fito, sai ji ta yi ta zauna a kan wani abu mai ƙaras-ƙaras.

"Namakau!" Esnart mai kifi ta kurma ihu. "Kifina! Da waɗannan mazaunan naki kike auna min busasshen kapenta?"

"Yi shiru, ƙawata, haske na tafiya. Mutinta, ɗaga haɓa! Kai mai baro, tsaya nan, ko na sa ka a hoton matar hedimasta a ce kai ne mijin!"

Ta danna. Da ta koma ta nuna wa Mutinta, matar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe haka nake?" Kafin mako ya zagayo duk matan ƙungiyar cocinsu sun zo a gwada musu ko su ma haka suke.

Da mai hankali ne, da ya koma Kamwala ya yi musanye da na biyun, Kachinga ma ya aiko ya ce ƙofa a buɗe take. Namakau ta ce ba ta ga laifin ido ba, ɗakin ne bai cika ba. Daga nan tsarin aiki ya zama haka: mai hoto a kujera cikin ɗaki, ƙofa a wangale, ita kuma tana tsallake bayan teburin Esnart tana ba da umarni da ƙarfi kamar kwandasta. In mutum na son takalminsa ya fito, sai ta kutsa lungun bayan rumfar kifi, ƙafa ɗaya a kan bulo. Esnart ta yi mita ta gaji, ta koma ba da shawara: "Wannan ki ce masa ya rufe baki, haƙoran ba na nunawa ba ne." Cinikinta ma ya ƙaru, don masu tsayawa kallo ba sa tafiya hannu biyu.

Amma layi na jama'a ne. Masu baro suka kai ƙara kwamiti cewa ana tsare su da kaya a ka saboda wani na gyara murmushi. Mai keken gawayi ya ce an kira shi da sunan da ba zai iya maimaitawa gaban dattawa ba. Ƙarar ta faɗa hannun Lubasi a gaban sauran 'yan kwamiti, wani ma ya yi dariya ya ce a fara gyara gida kafin kasuwa. Wannan dariyar ce ta kawo shi ɗakin, da kwat ɗinsa, ya tsaya a ƙofa ya toshe ɗan hasken da ke shiga.

"Namakau, kin mayar da mu abin dariya."

"Sannu da zuwa, Yaya. Matsa kaɗan, kana tsaye a cikin aikina."

"Ba wasa na zo ba. Ɗaki na ba ki, ban ba ki titi ba. Ki mayar da wannan bututun ki karɓo wanda ya dace da ɗakin, ki rufe ƙofa ki yi aiki kamar mace mai mutunci. Ko ki tsaya ga hoton fasfo, wa ya taɓa mutuwa da hoton fasfo?"

"Duk wanda aka ɗauka, Yaya. Dubi naka."

"To ji nan. Ko idon ya tafi, ko ki ba ni makullina. Zaɓi ɗaya."

Ta san ba barazana ba ce. Lubasi bai iya barazana ba, abin da ya faɗa shi yake yi, shi ya sa ba a gayyatarsa wajen raha. Ta kuma san abin da ɗakin yake: wurin da take kulle kayanta, inuwar damina, adireshin da mutane suka sani tun Inonge na goye. Inonge ɗin ma, wadda yanzu take koyon aikin jinya, ta zaunar da uwar a gida don ta lallashe ta.

"Mama, ƙarfe ne da gilashi fa. Na biyun ma ai yana gani a duhu, ke kika faɗa."

"Yana gani."

"To mene ne?"

"Kawunki bai ce in sauya don na biyun ya fi kyau ba. Bai san bambancinsu da murfin kwalba ba. Cewa ya yi in zama daidai ɗakin. Na yi shekaru ina daidai ɗakin nan, 'yar nan, har ƙashin bayana ya ɗauki siffarsa."

"Damina fa?"

"Akwai lema."

Ranar da Lubasi ya dawo da sabon kwaɗo a aljihu, ya tarar an riga an fitar da komai. Kujera, labulen bango, matattun fitilu a cikin buhu, duk suna jingine da rumfar Esnart. Makulli na rataye a ƙusa. Bai zaci haka ba. Ya zo ne da shirin a roƙe shi ya yi sassauci, har ya tanadi jawabin. Ya tsaya yana duban ɗakin wayam, ƙarami fiye da yadda yake tunawa, kwaɗo a hannu, hasken yamma na kwance a gefen fuskarsa. Ba fuskar ɗan kwamiti ba ce a lokacin. Ta wani dattijo ce da ya gaji, wanda ƙanwarsa ta ƙi ba shi damar yi mata alheri yadda ya iya.

Daga tsallake ya ji ƙaras ɗin kyamara. Ya juyo.

"Me kika yi?"

"Aikina."

"Goge shi."

"Ba a ɗakinka nake tsaye ba, Yaya."

Esnart ta leƙa bayan kyamarar ta kama baki. "Kai! Dattijo Lubasi, ashe kai ma mutum ne in an tsaya nesa da kai!"

Bai zo ya gani ba. Ya datse kwaɗon, ya gyara kwat, ya tafi.

Yanzu mai sayar da rigunan waya ne a ɗakin. Namakau ta koma jikin katangar injin niƙa a ƙarshen layi, inda fili ya ishe ta ja da baya har ta gaji. Kullum da yamma takan ɗauko kujera a ka daga gida, ta mayar. Masu fasfo sun bar ta, don ba mai son hoton hukuma da garin masara a kafaɗa. Damina ta zo ta nuna mata cewa lema ɗaya ba ta rufe mace da kyamara da mai hoto, akwai ranakun da ta koma gida ba ta danna ko sau ɗaya ba, aka ci tuwon nshima ba miya mai kirki. Ta rame kaɗan. Bakin dai bai rame ba.

Ana cikin ruwan ne matar Lubasi ta zo, ta tsaya ƙarƙashin rumfar injin tana karkaɗe zane.

"Yayanki ba ya barci sosai, Namakau. Mai wayoyin nan wata biyu kawai zai yi. Ya ce in gaya miki har yanzu maganarsa na nan, in kin rabu da abin nan, ki zo ki karɓi makulli."

Namakau na goge idon da gefen ɗankwalinta, a hankali, kamar mai share wa jariri fuska.

"Ki gaishe shi, Anti. Ki ce na gode, ina kuma yi masa addu'ar barci." Ta hura gilashin ta ɗaga shi sama ta duba. "Ki kuma tambaye shi, tunda ya san mutane a gari, ko ya san mai sayar da irin wannan mai lamba ɗari biyu. An ce ya fi wannan tsawo."