Kumfa uku a ruwan zafi

Jiya moton Kawu, babur ɗinsa na haya, ya fara ɗigar da esansi, wato fetur, a ƙofar gida, warin ya dawo mini da Kaka, wanda ya rasu shekara biyu ke nan. Gyaran moto yake yi a Zango.

Akwai wata 'yar tagulla mai kama da ƙwai da ke iyo a esansi cikin karbiratar injin moto. In ta huje, Kaka yakan tsoma ta a ruwan zafi ya ga inda kumfa ke fita, ya busar da ita, ya liƙe da dalma. Lokacin toshe hudar ƙarshe kuwa, ba ya yarda kowa ya yi magana. "Abin da ya shiga ya zauna," in ji shi.

Ranar da ya gyara ta Kawu, na dawo daga lakwal, makarantar boko, na tsuguna kusa da shi. Shi da kansa ya manta da dokarsa. Bakinsa dab da tagullar ya ce mini, "Matsa baya, amarya, kar dalma ta ƙone ki." Ya liƙe, sannan ya daɗe yana kallonta.

Jiya na bi Kawu wurin makaniki. Na ce, "Kawu, kar a tsoma tagullar nan. Maganar Kaka na ciki."

"Ke, da me zan yi kabu-kabu gobe?"

Aka tsoma. Kumfa uku suka taso a hankali, suka fashe. Ban ji kome ba, amma ƙafafuna da kansu suka matsa baya.

Allah ya sanyaya masa makwanci, ya haskaka kabarinsa.