Ranar da jirgin Zailani ya yi shiru

Duk wanda ya taɓa kai niƙa a Durba ya san Barira mai inji. Katanga ɗaya ta raba mu, kuma wallahi injin nan nata ya cinye min kunne guda. Ita kuwa ƙarar ce lafiyarta. Tana daga ɗaki za ta ce bel ya saki. A wurinta inji in ya yi shiru, to ya mutu ke nan.

Ɗa ɗaya Allah ya bar mata, Zailani. A gindin injin ya tashi. Da zai shiga sojan ruwa ta ce sam, sai da ya rantse mata shi bakanike ne, can ƙasan jirgi zai zauna da sifana, ba ruwansa da yaƙi. In ya bugo waya ta ji rugugi a bayansa, sai ta yi hamdala, ta ce wa masu niƙa ɗanta na can lafiya lau yana sana'ar gida.

Bara aka tura shi kwas ƙasar waje. Wata Juma'a ya kira, ina zaune wurinta ina tsintar wake. Ya ce yana ɗakin injin wani sabon jirgi, yanzu suka baro tasha. Barira ta manna wayar a kunne, ta sauya kunne, ta miƙo min. Tsit, sai ɗan zuu kamar firji.

Ta karɓe ta ce, "Zailani, korar ka aka yi kake ɓoye min?"

Ya yi dariya. "Inna, wannan da lantarki yake tafiya. Janareta na can a killace, wutar ce ke juya farfela."

"To wa ƙara ta dama a tsakiyar teku?"

"Ai saboda masu sauraro ne. Akwai jirage a ƙarƙashin ruwa, da ƙara suke gane inda kake, su harbo ka."

A sake ya faɗa, irin ta mai jin daɗin aikinsa. Barira ta sulale ta zauna a kan buhun masarar mutane, fuskarta duk gari.

Ta ce, "Wancan jirgin na da, mai rugugin, shi ma ana sauraron sa?"

Sai ya hau kame-kame.

Ta juyo ta dube ni, wayar na hannunta yana ta kiran Inna, Inna. Ta ce, "Lami, shekara da shekaru ina jin ƙarar nan ina cewa alhamdulillahi."