Shinkafar Shekarar Gudu

Shekarun baya, a shekarar nan da Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga, na tafka wani abin kunya wanda har yau in mahaifiyata tana son ba baƙi dariya shi take ɗaukowa. To gara ku ji shi daga bakina, don ita in ta tashi ba da shi sai ta ƙara masa gishiri.

Lokacin ina malamin gona, gidana a Sangere, ta wajen Girei kusa da Yola. Maigidana a wurin aiki wani dattijo ne ɗan ƙasar Siri Lanka, masanin shinkafa, ɗan siriri, kai fari fat, kullum ƙafar wandonsa a naɗe. Addinin Buddha yake bi. Ya daɗe a garin nan har ya iya Hausar kasuwar Jimeta, Dokta muke ce masa. Shekara huɗu ni da shi muna fama da wani irin shinkafar rani, mu shuka, mu zaɓe, mu sake shukawa, har muka tara rabin buhu mai kyau. Rabin buhun nan shi ke nan, babu wani a ko'ina. In ya yi a fadamarmu ta bakin Binuwai, baɗi manoma su samu. In ya lalace, wahalar shekara huɗu ta bi ruwa.

Sai ga gudu ya zo. Jama'a, wanda bai ga titin Girei a kwanakin nan ba, ba zai gane ba. Mutane a ƙasa, mutane a kan tirela, mata da goyo, tsofaffi a cikin baro. Kowa da labarin da ya zo da shi: sun shiga Hong, sun iso Gombi, gobe Song, jibi mu. Ni kuwa abu ɗaya ya tsaya mini a rai, gadar Binuwai. Mu 'yan Sangere muna wannan hayin ne, Jimeta da Yola suna can hayin. In aka rufe gadar nan fa? In aka fasa ta fa? Da ita nake kwana, da ita nake tashi.

Na kwashe matata da yara na kai su gidan wanta a Jimeta. Na cika mota da mai, na juya hancinta tana kallon ƙofa, na ɗora katifa a sama na ɗaure. Waya biyu a aljihu, rediyo a kunne. Tuwo in an ajiye mini sai ya sandare ban taɓa ba. Mahaifiyata kuwa ta ce ko nan da ƙofar gida. Maimakon ta haɗa kaya, sai ma ta buɗe ɗakin matata ta sauke wata baiwar Allah Kirista daga Michika, ita da 'ya'yanta mata biyu, waɗanda suka yi kwanaki suna tafiya ta cikin duwatsu.

Na ce, "Dada, mutane na fita ke kina shigo da baƙi?"

Ta ce, "Kai dai ci tuwonka tun da zafinsa."

Ran nan da safe na tafi fadama in gaya wa Dokta ni fa na gama, in ɗauki rabin buhun nan in sa a but ɗin mota, mu tsallake da shi. Ina isa rumfa na tarar da shi tsaye kan rabin duro, hannunsa cikin ruwa har gwiwar hannu, yana tsame ƙaiƙayi.

Na ce, "Dokta, me ka yi?"

Ya ce, "Na jiƙa iri, Malam."

"Duka?"

"Duka."

Innalillahi! Ku da ba manoma ba, ku gane: busasshen iri ka kai shi ko Legas ne, ba abin da zai same shi. Amma in ya sha ruwa, magana ta ƙare. Kwana biyu zai tsaga, dole a yafa shi a ƙasa, bayan sati uku kuma dole a cire a dasa. Wato tsohon nan ya ɗaure mu a bakin kogi ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Wallahi ranar na manta da girman furfura, na yi ta faɗa har muryata ta shaƙe. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Yau lokacin jiƙa iri ne, wannan na sani. Gobe ban san lokacin mene ne ba." Na ce a raina wannan tsoho ya fara ruɗewa.

Haka muka yafa irin, ina yi ina ƙunƙuni. Ya fito kore shar, gwanin sha'awa, amma ni ko kallon kirki ban yi masa ba, idona na kan hanya.

To ga abin kunyar. Wajen kwana goma da shuka, da hantsi, muna ba da ruwa, waya na kunnena wani abokina yana rantse mini cewa an gansu a Song. Sai na ji "Tau!" a bayana. Jama'a, ban san ina da gudu haka ba! Ban nemi hanya ba, ta tsakiyar irin nan na bi, ina tattake shi, ina ihu, "Sun zo! Dokta, sun zo!" Takalmi ɗaya ya maƙale a laka, na bar shi. Na biyu ma ya bi ɗan'uwansa. Na zo tsallake magudanar ruwa, santsi ya kwashe ni, ji kake tinjim. Da na ɗago kai, fuska duk taɓo, sai na hango Dokta tsaye inda na bar shi, tiyo a hannu, injin ban-ruwanmu yana ta tari yana fitar da baƙin hayaƙi. Ashe injin ne ya yi ƙara. Injin da ni na tayar da shi da hannuna!

Tsohon nan ya yi dariya har da riƙe ciki. Amma da na dawo ya dubi fuskata, sai ya daina. Ya kashe injin, ya zaunar da ni a kan kunyar gona, shi ma ya zauna.

Ya ce, "Rufe ido. Ja numfashi, ka sake shi, ka ce ɗaya. Haka har goma."

Na ce, "Dokta, ni fa Musulmi ne."

Ya ce, "To, Musulmi ba ya numfashi?"

Na rufe ido. Ɗaya. Biyu. Uku. Sai ga gada. Na ga an fasa ta, na ga yarana a can hayin suna kuka, har na fara tunanin wane mai kwale-kwale na sani. Na buɗe ido na ce na kasa. Ya ce ban kasa ba, ai na lura na tafi, in koma ɗaya kawai. Wai a wurinsu zuciya kamar biri take, daga wannan reshe sai wancan, kuma ba a dukan biri, dawo da shi ake yi a hankali. Na gwada ya fi sau goma, ban taɓa wuce huɗu ba.

Sannan ya ba ni wani misali da ya ce tun suna yara ake koya musu. Mutum ne aka harbe shi da kibiya, wannan ciwo ne na gaske, ba shi ya jawo ba. Amma sai ya zauna yana ta saƙa: in dafi ne fa, in wata na tafe fa, in na mutu wa zai riƙe yarana. Wannan kibiya ta biyu ce, kuma shi ya caka wa kansa. Ya ce, "Ban ce kada ka gudu ba, Malam. Mota na nan, mai na ciki, iyali sun tsallaka. Abin da ake shiryawa ka shirya. Sauran duk kai kake harbin kanka, kullum sau ɗari." Sannan ya ce ƙasarsu ma ta yi yaƙi shekara da shekaru. A shekarar ƙarshe ta mahaifiyarsa, yana zaune kusa da ita amma kunnensa na rediyo. Yaƙin bai taɓa isowa ƙauyensu ba, ita kuwa ta rasu, kuma ba ya iya tuna abin da take ce masa. Maganar nan ta dake ni, don na tuna tuwon Dada.

Bayan 'yan kwanaki waɗanda suka kawo shi aiki suka ce dole ya bar gari, suka sa shi a jirgi zuwa Abuja. Da za mu rabu ya riƙe hannuna ya ce, "Sati uku, kada ya wuce." Shi ke nan aka bar ni da iri, ga lokacin dashe ya matso, ga 'yan ƙwadagon da muka saba da su kowa ya watse. Na zauna a tsakar gida na buga tagumi, ina ta yi wa Dada ƙorafi. Baƙuwarmu tana gefe tana tsince wake, tun zuwanta ban ji ta yi doguwar magana ba. Sai ta ɗago ta ce, "Ɗana, shinkafar ta kai dashe ne?" Na ce jibi take cika sati uku. Ta ce, "To."

Jibin da sassafe na buɗe ƙofa, sai na ga mata cike da ƙofar gida, sun fi ashirin! Wasu daga harabar coci inda aka sauke su, wasu daga gidajen maƙwabta, masu hijabi da masu ɗan kwali, kowacce ta ɗaure zani tamau. Baƙuwarmu ce ta bi ta tattaro su. Ta ce, "Ina gonar?"

Kai, ranar na ga aiki! Wasu na cire iri suna ɗaurewa dami-dami, wasu sun jeru cikin ruwa sun duƙa, hannu na tafiya kamar keken ɗinki. Ga waƙa da yarensu, ga tsiya, ga shewa. Ni aikina ɗaya ne tak, in riƙe bakin igiya don layi ya miƙe. Amma ina! Hannu ɗaya na igiya, ɗaya na waya, ana gaya mini wai an ji harbi a Gombi. Layi ya karkace, na biyu ma ya karkace. Sai na ga baƙuwarmu ta miƙe, ta ratso ruwa har gabana, ta zare wayar daga kunnena ta soke a ƙugunta.

Ta ce, "Mu da aka ƙona wa gida ga mu muna dashe. Kai da ko kazarka ba a taɓa ba, riƙe mana igiya daidai."

Mata suka kwashe da dariya. Kunya ta rufe ni, kamar in nutse cikin lakar. Na riƙe igiya da hannu biyu, ba waya a kunne, ba abin yi, sai na fara ƙirga numfashi. Ɗaya, biyu, uku. Na ji sanyin laka tsakanin yatsun ƙafata. Huɗu, biyar. Na ji waƙar matan nan, na ga balbelu sun sauka bayansu. Ban ankara ba sai ga ni a goma! Wallahi ihu na yi, "Goma!" Suka juyo suna kallona, wata ta ce ko malamin gona ya taɓu ne. Kwana uku muka gama dashen, layi ɗoɗar. Ranar ƙarshe na koma gida na cinye tuwo malmala biyu.

Ba da daɗewa ba aka ƙwato Mubi, 'yan bindigar ba su taɓa isowa gadar ba. Ba na cewa komai ya tafi lafiya, daga baya bama-bamai sun tashi a Jimeta, mun binne mutanen da muka sani. Kibiya ta farko gaskiya ce, tana da zafi. Amma shinkafar nan ta yi, jama'a, ta yi har ta ba mu mamaki! Da na kira Dokta na gaya masa yawan buhunan, sai da ya sa na maimaita sau uku, sannan ya tambaya ko an tsinci takalmana.

Na zauna ina ta yi wa Dada bayanin kibiya biyu, ina jin kaina wani babban masani. Ta saurara har na gama, ta ce, "Oho. Sai da mutum ya tsallako teku ya gaya maka kafin ka ji? Ni da nake cewa ka ci tuwonka da zafi, gobe tana hannun Allah, ai tsohuwa ce ke surutu." Gaskiyarta ce. Tawakkalin da na taso ina ji ne, ban taɓa sanin yadda ake riƙe shi da hannu ba sai a bakin kogin nan.

Da hanya ta buɗe, matan kowacce ta karɓi rabonta na shinkafa. Baƙuwarmu ta ce nata kada a kai inji, iri take so, za ta koma Michika ta shuka. Gidan da babu ko rufi! Na ce, "Mama, in suka dawo fa?" Ta dube ni ta girgiza kai, ta ce, "Ɗana, har yanzu wayar nan na kunnenka?"

Yau ma ban warke sarai ba, kada in yi muku ƙarya. Tsadar rayuwa, makarantar yara, labarin da ake turowa a waya, duk suna tayar mini da birin nan. Sai dai yanzu nakan tambayi kaina: wannan an harbe ni ne, ko ni ke caka wa kaina? In akwai abin shiryawa in shirya, in babu in koma ɗaya. Bara 'yar baƙuwarmu ta zo Yola, ta kawo mana ƙunshin shinkafa daga gonar uwarta, jikar irin nan namu. Dada ta dafa da wake, ta zauna kusa da ni tana ba ni labarin ƙuruciyarta a Girei. Waya ta yi ta ringi a ɗaki har ta gaji. Na cinye tun da zafinta, kuma duk abin da Dada ta faɗa ranar ina iya maimaita muku shi.