Ganye Ɗari Huɗu da Goma Sha Biyu

Baba Gershon malamin daji ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tsaron wani gandu a bayan Gidan Waya kafin ya yi ritaya. Ni Serah, tsohuwar malamar firamare, maƙwabciyarsa ce a nan Kafanchan, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. In kuka kama hanyar majami'a tare, ka ƙaddara ka makara, don sai ya tsuguna a bakin kwata ya gaisa da wata ciyawa.

Abin da ya tara a duniya ganye ne. Tun yana saurayi yake tsinkowa, ya danne a cikin tsohuwar jarida, ya rubuta sunansa a yarensu, da inda ya samo shi, da abin da tsofaffi suka ce yana yi. Wani lokaci ya haɗa da gashin tsuntsu ko saɓar maciji. Guda ɗari huɗu da goma sha biyu. Gandun kuwa masu gawayi da masu noman citta sun gama da shi tuni. Shekarar da aka ƙone ƙauyensu, wasu da akuya suka gudu, wasu da katifa. Shi akwatin ganye ya ɗauko a ka.

Ɗakin da ya kama a gidanmu yana yoyo, ga gara. Sai ya yanke shawarar tura kayan wurin ɗansa tilo, Silvanus, da ke aiki a Abuja. Ba a dunƙule ba. Kowane wata ambulan ɗaya ta hannun direban tasha, ganye takwas ko tara, da wasiƙar da ke bayanin kowanne. Magana ta waya kam ya ƙi ta. Da idonsa ya fara mutuwa, ni na zama mai rubutawa, ni ce kuma mai karanta amsa.

Wasiƙunsa ban dariya ne da su. Gaisuwa layi ɗaya, ganye shafi biyu. In na ce, "Baba, ba za ka tambayi lafiyar Beatrice ba? Matar ɗanka ce fa," sai ya ce, "Sa shi a ƙarshe, Malama." Amsar Silvanus kuwa kusan kullum iri ɗaya ce: "Na karɓa, Baba. Suna nan a ajiye. Ka riƙa shan maganinka." Wannan 'yar maganar sai ya sa in maimaita masa sau uku.

Shekara huɗu muka yi a haka. A watan Fabrairun bana muka tura na ƙarshe. Ranar har tsire ya saya mini, ya ce yanzu ko mutuwa ta zo, ta samu akwatin ba kome.

Ana saura mako guda bikin Ista amsa ta iso, shafi uku. Da ina da hankali da na fara karantawa a zuci. Ban yi ba, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Silvanus ya ce bayan Beatrice ta yi ɓari na biyu, sun kira wani mai addu'a gida. Mutumin ya buɗe durowa ya ga busassun ganye, da gashin tsuntsu, da saɓar maciji, da kalmomin da bai san su ba. Ya ce abin da ke cinye musu 'ya'ya ke nan. Silvanus ya san ba haka ba ne, ai tare suka tsinko wasu. Amma matarsa tana kuka a ƙasa, danginta sun zuba masa ido. Shi da hannunsa ya ƙyasta ashana. Shekara biyu ke nan, kuma duk ambulan da ta zo bayan haka a bayan tasha yake karanta ta, ya ƙone. "Na kasa zuwa majami'a cin Jibin Ubangiji da wannan a zuciyata, Baba. Ka gafarta mini."

Wato shi ya sauke nasa nauyin, ya ɗora wa makahon tsoho. Na so in yaga takardar.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce, "Har da takardun sunayen?"

"Har da su, Baba."

"Matar ta haihu?"

"Bai ce ba."

Ya daɗe yana shafa gwiwarsa. Can ya ce, "Ɗauko biro, Malama. Sunayen suna kaina."

Na ɗauko. Ya fara da sauri, ina binsa da ƙyar. Wajen na ashirin ya soma tsayawa, yana maimaita waɗanda ya riga ya faɗa. Ban gaya masa ba, na dai ƙi ƙirga su. Muka kai talatin da ɗaya.

"Na gaba yana da jan fure," ya ce. "A bakin rafi yake fitowa, bayan ruwan farko. Uwata tana ba mai jego."

"Yaya sunansa, Baba?"

Na riƙe biron a kan takarda har tawada ta yi tabo.

"Akwai wanda za mu tambaya?" na ce.

"Ni ne ake tambaya," ya ce.