Littafin Kawu da Na Ce Tsintarsa Na Yi

Shekarun baya, a Giza, na san akwai matsala ne daidai lokacin da mutumin da ke binciken jakata ya daina juya shafi. Lokacin gari a rikice yake, mutanen unguwa ne ke tare hanya da sanduna suna duba kowa, ko da rana tsaka.

Littafin kawuna ne a hannunsa. Kawu makiyayi ne, ya shekara da shekaru yana koro raƙuma daga Sudan zuwa Masar. Da gwiwa ta ƙi, sai ya zauna gidanmu yana rubuta rayuwarsa da ajami: rijiyoyin da ya sha, taguwar da ta mutu masa a hanya, har da zanen hanyoyin. Ranar ya ce min, "'Yar nan, kai a yi min kwafi, idona ya fara tafiya."

Mutumin ya ga haruffan Larabci amma bai gane komai ba. Ya yi ta haɗa baƙi har ya kai kan kalma ɗaya: bindiga. Ya ɗaga murya, "Bundu'iyya! Ga kuma taswira!" Labarin kurar da Kawu ya harbe ne fa, na sha jinsa har na haddace. Amma ni da nake cika baki a gida da Larabcin sakandare, ko sunan kura na kasa tunawa. Mutane suka zagaye ni.

"Na waye?"

Na ce, "Ba namu ba ne. A mota na tsince shi."

Suka zaunar da ni a benci kusan awa uku.

Kawu bai taɓa yi min faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ke dai kin dawo." Sau biyu ya sake ɗaukar biro, ido ya ƙi, har Allah ya karɓi abinsa. Tsoron kam na yafe wa kaina. Abin da na kasa yafewa shi ne na ƙarshen nan.

A ranar, ina kan bencin, ana kiran la'asar wani dattijo a cikin masu tare hanyar ya zo da littafin. Ya ce, "Ma'alish ya binti, yi haƙuri 'yata, an gama, babu mai taɓa ki. Yalla, tafi gida." Ya miƙo min shi. "Za ki tafi da shi?"

Na dubi masu sandunan. Na ce, "A'a."